Sunana a Koren Fasfon Inna

Matso nan kusa ka gyara zama, akwai abin da nake so in faɗa maka game da Inna, kuma ba irin maganar da ake ɗaga wa murya ba ce. Ba zan kama sunan kowa ba. In ka ji labarin za ka gane dalili.

Yau kwana arba'in ke nan da muka kai ta makwancinta. Kwana uku muka yi zaman makoki a ɗan gidanmu na unguwar Khumra, nan Jidda, wanda ke maƙale tsakanin wani sito da garejin gyaran motoci. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu Karantina jama'armu suka watse, wasu Hindawiyya, wasu bayan gari, wasu ma ban san inda suka faɗa ba. Amma sun zo. Da la'asar sai ka ga takalma sun cika ƙofa har bakin titi, gahawa da dabino suna ta zagayawa, kowa na cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya ba mu haƙuri.

Tsohuwar maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, ta shigo tana jan ƙafa. Ta rungume ni ta yi kuka har ta gode Allah, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta kawo baki saitin kunnena.

"'Yar nan, ba don na zaƙe ba. Takardar haihuwar babban ɗana tana cikin gwangwanin nan."

Kafin a yi magariba mata huɗu suka yi mini irin wannan raɗa. Har ƙanwar Baba ta kasa haƙuri ta ce, "To ku yi layi mana, tunda ofis ya buɗe." Aka yi dariya cikin hawaye. Jikata kuwa, wadda Hausa ke yi mata nauyi a baki, ta zauna a lungu tana ta maimaita abu ɗaya: "Sitti ba ta kwana biyu ba. Wallahi ba ta kwana biyu ba." Sitti shi ne kaka a bakin yaran nan. Kowa a ɗakin ya san abin da take nufi, kai ne kaɗai ba ka sani ba, bari in gaya maka.

Inna ba ta tsoron mutuwa. Abin da take tsoro shi ne talaja, wato ɗakin sanyi na asibiti inda ake ajiye gawa. A zamanta na garin nan ta ga mutanen kirki sun cika da kalmar shahada, amma an bar su makonni a cikin sanyi saboda takardunsu ba su haɗu ba, ko an rasa ɗan uwan da zai sa hannu. Ta kan ce mini, "Auta, kowane irin abu ku yi mini, amma kada ku bar ni in kwana biyu a talaja. Ni da ko ruwan sanyi ba na sha." Wannan ce wasiyyarta kaf. Ba ta bar gida ba, ba ta bar zinariya ba. Gwangwani ta bari, da wannan magana.

Gwangwanin na biskit ne, babba, fentinsa ya goge tun ina yarinya. A ciki take ajiye takardunmu da na maƙwabta da suka ba ta amana. Inna ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ba ta taɓa ba wani takardar wani ba. Kowace takarda da irin ƙyallen da ta ɗaure ta da shi, ja na wance, mai zanen ganye na wane. Duk shekara bayan alhazai sun watse sai ta rufe ƙofa, ta shimfiɗa tabarma, ta baje su su sha iska, ta zuba sabon kanumfari don kada ƙwari su ci. Idan ka miƙa hannu sai ta make shi. "Takarda ba ta son ruwa, ba ta son hannun mai cin miya. Koma can ka kalla da ido." Shekarar da ruwa ya shiga gidaje har gwiwa, kowa na ceton katifa da talabijin, Inna tana tsaye a kan gado da gwangwani a ka. Ranar da muka bar Karantina kuma, mota ta cika da kaya, ita a cinya ta riƙe shi har Khumra.

A can ƙasa akwai takardar da ta fi kowace tsufa, ta mahaifinta, ta zamanin Turawa. Falle ɗaya ce da aka naɗe har ta tsage a kan naɗin, ba hoto, sai dangwalen yatsa da hatimi kala-kala. Da ita suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suna tsayawa suna noma a Sudan su tara guzuri su ƙara gaba, har suka ƙetare teku. Inna a bayan uwarta ta fara tafiyar, da ƙafarta ta ƙarasa ta. Wani malami ya taɓa karanta mata takardar, ya ce babu sunanta a ciki, an dai rubuta mutum da matarsa da yara biyu. Abin ya ba ta dariya ƙwarai. "Kun ji, ni da yayana ƙidaya mu aka yi kamar awaki."

Bayan wannan sai koren fasfo na farko, wanda aka ba ta nan Jidda bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Da hannu aka rubuta shi, da baƙar tawada, hoton kuma da gam aka manna. Daga nan sai wanda aka sa wa tambarin ƙasashen Afirka ta Yamma, sai na kwamfuta. Iƙama ma, wato takardar izinin zama, haka, daga ɗan littafi ta koma kati, yanzu kuma ta shige cikin waya. Inna ba ta taɓa komawa Najeriya ba, ba ta san ko kalar ƙasar garinsu ba, amma duk wanda aka canja tana da shi. "Ƙasar nan tawa akwai son ado," in ji ta. "Duk bayan 'yan shekaru sai ta ɗinko mini sabuwar riga, ita kuwa ko fuskata ba ta sani ba."

Ranar haihuwa ma biyu gare ta. Duk wanda bai san tasa ba, a takardun nan ɗaya ga Rajab ake rubuta masa, a na gida kuma ɗaya ga Janairu. Jikoki sukan tsokane ta, "Sitti, wacce ce ta gaskiya?" Sai ta ce, "Uwata ta ce gero ya fara fitar da kai. Ku je ku tambayi gero."

Lokacin da aka kawo fasfo na kwamfuta ni na raka ta ƙunsuliyya, ofishin ƙasarmu ke nan. Aka ce ta ɗora yatsa a kan gilashi. Ta ɗora, na'ura ta yi shiru. Ta ɗora wani, shiru. Shekarun da ta yi tana wankin kayan alhazai da suyar gyaɗa a cikin yashi mai zafi sun shafe zanen yatsunta, sun zama sumul kamar bayan cokali. Yaron da ke wurin ya ce, "Mama, ba ki da yatsa fa." Ta ɗaga hannu biyu ta nuna masa. "Ga su goma, ɗana. Zanen ne na bari a jikin haramin alhazanku." Duk ofis aka bushe da dariya. Sai da ya shafa mata mai ya danna da nasa hannun kafin ta kama.

To yanzu ga maganar da na ce ka matso dominta.

A cikin koren fasfon nan na hannu akwai shafin da ake rubuta 'ya'ya, don a wancan zamanin yaro ba shi da nasa, a na uwarsa yake rakuɓewa. Suna ɗaya ne a shafin, nawa. A hoton kuma Inna ce zaune da jaririya a cinya, ni ke nan. In ka duba da kyau, a kan kafaɗarta ta hagu akwai 'yan yatsu huɗu na ƙaramin yaro, amma babu yaron. Na girma ina ganinsu ban taɓa tambaya ba.

Ɗa ɗaya Inna ta haifa, shi ne Yaya. Yana ɗan shekara bakwai, Kawu, yayan Inna, ya samu takardar zama ɗan ƙasar nan, shi kuma bai da ɗa namiji. Manya suka zauna suka yanke a rubuta Yaya a matsayin ɗan Kawu, don ya shiga makarantar gwamnati, ya yi aiki ba tare da neman kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ba. Gidaje da yawa sun yi haka a lokacin. A cikin wannan shekarar wata baƙuwa da ta zo aikin hajji ta sauka a ɗakin Inna da tsohon ciki, mijinta ya rasu a Mina. Ta haihu, ba ta yi kwana bakwai ba ta bi shi. Babu wanda ya san garinsu. Inna ta goya jaririyar, da za a yi mata fasfo ta tafi da ita. Mai rubutu ya ce, "Hajiya, wannan taki ce?" Ta ce, "A cinyar wa ka gan ta?" Ya duƙar da kai ya rubuta.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai ina budurwa, lokacin auren Yaya. Dangin amarya sun san shi a ɗan Kawu, don haka matar Kawu ce ta zauna a kujerar uwar ango, Inna kuwa aka gabatar da ita a matsayin gwaggo. Ta sha lemo, ta yi wa kowa barka, ta dawo gida. Washegari da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai ga Yaya ya faɗo kamar an jefo shi.

"Ko kallona ba ki yi ba jiya. Ko sau ɗaya."

"Na kalle ka."

"Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Kin miƙa ni kamar kwanon aro, kin ɗauko 'yar fasfo kin sa a gurbina." Ya nuna ni da baki. "Wannan. Ki gaya mata mana, ko ke kika haife ta?"

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai na ba ka takardar da za ta buɗe maka ƙofa. Ita ko ƙofar ba ta da ita." Ya juya ya fita. Ta daɗe tana kallon inda ya bi, sannan ta waiwayo ta ga hawaye na ɗiga a cikin shinkafa. "Auta, tsince ta da kyau, akwai tsakuwa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ban haife ki ba. Yanzu kin ji. Sai kuma me? Ɗora tukunya."

Abin da Yaya bai gane ba, ni ma sai da na haifi nawa na gane. Ya tashi cikin Larabawa, inda uwa ke rungume ɗanta a tsakiyar kasuwa tana kiran sunansa. Inna kuwa da kunyar ɗan fari ta zo daga gida, irin ta iyayenmu. Ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya shigo ta kawar da kai. "Yaron nan" take ce masa, ko "wancan". Shi ya ɗauka ƙi ne. Bai san cewa duk ranar da zai zo tun safe take jiƙa kuka ta yi masa miyar da yake so ba, sannan ta ce wai ni na yi sha'awa.

Shekaru sun fi talatin muna zaune a haka. Ba mu yi gaba ba, muna gaisawa, 'ya'yanmu suna wasa tare. Amma bai taɓa ce mini ƙanwata ba, ni kuma ban taɓa zama na ci abinci a gabansa da sakin jiki ba. Bayan rasuwar Baba shi ya karɓi iƙamar Inna ta koma hannunsa, ya zama kafilinta. Sai ta samu abin kiransa. Da ya yi sallama za ta ce, "Ku shimfiɗa darduma, kafili ya iso. Ranka ya daɗe, ba mu yi laifi ba dai ko?" Ya kan ɓata rai ya ce, "Halas, ya ummi, halas." Ita kuwa ta yi ta ƙunshe dariya a mayafi.

Ranar wata Laraba da hantsi ta cika, a asibiti, kanta a hannuna. Muna cikin kuka aka tura ta ɗakin sanyi. Aka ce tunda baƙuwa ce a takarda, ba za a ba da izinin binnewa ba sai da wasiƙa daga ƙunsuliyya, su kuma sai magaji na kusa ya je ya sa hannu. Ga shi gobe Alhamis, in an tashi aiki sai Lahadi. Na lissafa kwanakin a yatsa.

Yaya ya ce in zauna da mata, shi zai je. Ya dawo bayan azahar da hannu wofi. An tambaye shi ko shi wane ne, ya ce ɗanta. Aka duba katinsa, sunan Kawu ne a wurin uba. A takarda shi ɗan yayanta ne, kuma kafili. Suka ce ya sa hannu a nasa gurbin, amma bayanansu sun nuna tana da 'ya, sai ta zo da shaida. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mata, mutum mai furfura har a gira, ya rasa yadda zai kira ni. Ni na tashi na same shi.

"Gwangwanin yana wurinki?"

"Yana nan, Yaya."

"Gobe da sassafe. Ki shirya."

Daren farko ke nan a talaja. Na biyu ne ta ce kada mu bari.

Mu ne na farko a layi. Ma'aikacin matashi ne, na miƙa masa koren fasfon a cikin ƙyallensa. Ya buɗe ya yi ta juya shi, ya sunsuna, ya ce, "Mama, wannan ai ya girme ni. Da biro aka rubuta?" Ya kira wani dattijo daga ciki. Dattijon ya sa tabarau, ya shafa bangon a hankali, ya ce mahaifinsa ma irinsa gare shi. Ya buɗe shafin 'ya'ya, ya karanta sunana, ya gwada da katina. Sannan ya ɗago ya kalli Yaya.

"Alhaji, kai ne kafili, kuma kai ne ɗan uwa namiji da ke nan. Ka shaida wannan 'yar marigayiya ce?"

Mutumin da ya san gaskiya fiye da kowa a duniya aka tambaya, mutumin da ya raɗa mini 'yar fasfo. Na sunkuyar da kai ina kallon tayil.

"'Yarta ce," in ji shi. "Ita ta yi mata wanka da wanki, a hannunta ta cika. 'Yarta ce. Ƙanwata ce."

Dattijon ya yi kamar bai ji kalmar ƙarshe ba. Ya buga hatimi, ya ce Allah ya jiƙan Hajiya. Na dangwala yatsa, nawa ya kama. Yaya ya fizgi takardar ya ce, "Yalla, Auta, yi sauri." A bakinsa ban taɓa jin wannan suna ba sai ran nan. Ni da maƙwabciyarmu muka yi mata wanka, da ruwan ɗumi, na tabbatar da haka. Bayan sallar la'asar aka sallace ta aka kai ta. Kwana ɗaya ta yi.

Da makoki ya watse, kowa ya karɓi ƙyallensa, sai na zazzage gwangwanin don in zuba sabon kanumfari. A ƙarƙashin takardar mahaifinta na ga wani ɗan ƙulli da ban taɓa gani ba a duk shekarun da ake shanya. An naɗe shi da yankin farin zanen da ta yi ɗawafi da shi. A ciki akwai siririn yankin hoto, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Yaro ne tsaye da aski sabo, ya ƙame, ya miƙa hannu gefe, hannun ya ƙare a wuyan hannu inda almakashi ya bi. Ashe mu uku aka ɗauka ranar. Mai hoto ya yanke shi don bai kamata a gan shi a fasfon ba, ita kuma ta tsince shi daga ƙasa.

Na kira Yaya ya zo. Na buɗe fasfon na ajiye yankin a gefensa, hannu ya haɗu da yatsunsa a kan kafaɗarta. Yaya ya ƙura wa hoton ido. Sai ya ce, "Na tuna rigar nan. Ƙaiƙayi gare ta." Daga nan ya rufe fuska da gutrarsa, ƙyallen nan na kai, na tashi na ba shi wuri, na je na jiƙa kuka.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta iske inda ba a tambayar kowa takarda.

Yanzu abu ɗaya ya rage da muka kasa yankewa. Yaya ya ce a kai wa mai hoto ya manna yankin a jikin fasfon, mu koma mu uku yadda aka ɗauke mu, in ci gaba da ajiyewa a gwangwani. Ni kuma ina ganin ya ɗauki nasa ya sa a aljihun gaba, ya san shekara nawa ta yi tana ɓoyonsa a inda ta fi tsarewa. Kullum ya zo shan miya sai mun yi wannan gardama. Kai da ka zauna ka ji labarin daga farko, in a hannunka ta bar su, mannawa za ka yi, ko za ka bar kowa ya riƙe rabonsa?